Hoton MRI da neman magani a Indiya ko Masar: ina ake samun sauƙi ba tare da an biya la'adar dillali ba?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan lamarin da ya shafi lafiyata, domin na san a cikinmu akwai likitoci, akwai kuma waɗanda suka taɓa fita waje da marasa lafiya. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 47, kuma kusan kowace shekara nakan je Indiya sarin yadi da leshi, in sauka a Mumbai sannan in shiga jirgin ƙasa zuwa Surat. Yau wata biyu ke nan ciwon ƙugu ya matsa mini, yana saukowa ta bayan cinyar hagu har zuwa babban ɗan yatsan ƙafa, wani lokaci ma ƙafar takan yi mini nauyi kamar ba tawa ba. An yi mini hoton ƙashi a nan Kano, likita ya ce bai ga karaya ba, amma ya rubuta mini hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, na ƙasan gadon baya domin a ga ko wani abu ne yake danne jijiya. Da na je wurin da ya tura ni sai aka ce na'urar ta samu matsala ana jiran injiniya, wuri na biyu kuma kuɗin da suka faɗa ya sa na ja da baya.

Tun da tafiyata saura mako uku, sai na yi tunanin in bari in yi hoton a can. Wani bawan Allah da ke kai marasa lafiya Indiya ya ce in tura masa dala 1,500, shi zai shirya komai, daga ɗauko ni a filin jirgi har ganin likita da hoto. Abin da nake son sani shi ne, shin wannan kuɗin daidai ne, kuma baƙo zai iya shiga wurin ɗaukar hoto da ƙafarsa ya biya kamar kowa? Wani abokina kuma yana cewa Alƙahira ta fi sauƙi, in karkata tafiyar ta can.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ka tura wa kowa ko sisi tukuna. A 2019 na kai mahaifinmu Delhi, kuma ta hannun irin wannan mutumin muka bi, saboda a lokacin ban san komai ba. Sai da muka kusa dawowa na gane cewa duk abin da muka biya a asibitin akwai kason da ake ware masa, ban da kuɗin da ya karɓa a hannuna tun daga gida. Wannan la'adar ba daga aljihun asibiti take fitowa ba, a cikin lissafin marar lafiya ake cusa ta, shi ya sa za ka ga ya nace sai asibiti kaza, sai likita wane, ko da akwai wanda ya fi dacewa da ciwonka a unguwar gaba.

Kai da hoto kaɗai kake buƙata a yanzu, ba ka ma da buƙatar shiga babban asibitin kuɗi. A biranen Indiya akwai cibiyoyin da aikinsu kawai gwajin jini da ɗaukar hoto, kuma su 'yan ƙasar can suke zuwa da takardar likitansu su biya a kantar karɓar kuɗi. Hoton MRI na sashe ɗaya na jiki a irin waɗannan wurare 'yan dubban rupi ne, bai kusanci dala 1,500 ba ko kaɗan. Manyan asibitocin kuɗi kuwa suna da ofishi na musamman domin baƙi, kuma da zarar ka bi ta wannan ofishin farashinka ya bambanta da na ɗan ƙasa. Ka tambayi abokan cinikinka na Surat inda suke kai iyayensu, ka ce su buga waya su ji farashi kafin a ga fuskarka ko fasfonka. Idan ka isa, ka duba ko wurin yana da shaidar NABH ko NABL, waɗanda su ne hukumomin da ke tantance ingancin asibitoci da ɗakunan gwaji a ƙasar.

Likitar Hoto:
Alhaji, sannu da jiki. Kafin a shiga maganar kuɗi ina so ka amsa mini wasu tambayoyi, domin amsarsu ce za ta nuna ko kana da damar jiran mako uku. Shin fitsari yana yi maka gardama ko yana zubowa ba da saninka ba? Ka daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinka da wajen mazauni? Ƙafar tana ƙara rauni har kana tuntuɓe, ko ciwon ya fara kama ƙafafu biyu? Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, to jijiyoyin da ke ƙasan laka ne suke matse, kuma wannan aikin gaggawa ne da ake lissafa shi da sa'o'i, saboda haka ko nawa ne kuɗin hoton a Kano sai a biya yau. Haka nan idan kana zazzaɓi da gumin dare da rama, dole a yi tunanin tarin fuka na ƙashin baya, wanda muke gani da yawa a nan ƙasar.

Idan babu ko ɗaya, to kana iya jira, amma ga abin da nake so ka riƙe. A wurin aikina kusan kowane mako sai an kawo mini hoton da aka biya kuɗi aka yi, in duba in ce a sake, kuma mai shi ya biya sau biyu. Dalilan ba su da yawa. Na farko shi ne ƙarfin na'urar. Ana auna ƙarfin maganaɗisun MRI da ma'aunin tesla, kuma domin ƙashin baya mai tesla 1.5 ta wadatar, ba sai ka ƙara kuɗi domin mai tesla 3 ba. Amma akwai ƙananan na'urori buɗaɗɗu masu ƙarfin da bai kai rabin tesla ɗaya ba, hotonsu yakan fito dishi-dishi, kuma likitan tiyata da yawa ba sa yarda su yanke shawara a kansa. Saboda haka tambayarka ta farko a wurin ɗaukar hoton ita ce tesla nawa ce na'urarsu, farashi ya biyo baya.

Na biyu shi ne abin da za ka fito da shi a hannu. Kada ka yarda a ba ka rahoto a takarda da fim kaɗai. Ka ce a sa maka dukan hotunan a faifai ko filashi a tsarin da ake kira DICOM, wanda kwamfutocin duba hoto na asibitoci a duniya suke iya buɗewa, sannan ka tabbatar rahoton da Turanci yake, da sunan likitan da ya karanta da sa hannunsa. Hoton da aka ɗauka da waya daga jikin fim ba ya amfanar da mu da komai. Na uku, ka tafi da takardar likitanka wadda ta faɗi ainihin sashen da za a ɗauka da dalilin ɗaukarsa, domin idan ka shiga ka ce kawai bayanka ke ciwo, ana iya sayar maka da hoton dukan gadon baya daga wuya har ƙugu, har da allurar da ke haska jijiyoyi. Ciwo irin naka galibi ba ya buƙatar wannan allurar, sai idan an taɓa yi maka aiki a wurin, ko ana zargin ƙari ko ƙwayar cuta. In har za a yi ta, sai an fara duba lafiyar ƙodarka. Ka kuma sanar da su idan akwai ƙarfe a jikinka, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ko ɓurɓushin ƙarfe da ya taɓa shiga ido.

Ɗalibin Azhar:
Allah ya saka wa Likita da alheri. Zan yi magana a kan Masar tun da an ambace ta, domin shekara shida ke nan ina Alƙahira kuma na raka 'yan'uwa da dama asibiti. Abokin Alhaji bai yi ƙarya ba. A unguwanni irin su Madinatu Nasr da Dokki da Muhandisin cibiyoyin ɗaukar hoto suna da yawa, kuma sau da yawa a ranar da ka je ko washegari za a yi maka. Su MRI suna kiransa ranin magnaɗisi, hoton CT kuma ashi'a maƙɗa'iyya, takardar likita ita ce roshetta. Wani abin da baƙi ba su sani ba shi ne manyan likitocin da ke koyarwa a asibitocin jami'a na Ƙasrul Aini da Ain Shams da yawansu suna da ɗakin duba marasa lafiya na kansu da suke buɗewa da yamma zuwa dare, kuma kuɗin ganinsu a can bai kai na babban asibitin kuɗi ba. Tun da aka saki farashin fam ɗin Masar a watan Maris na 2024, ya faɗo daga wajen 31 a kan dala zuwa kusan 50, mai riƙe da dala ya samu sauƙi, duk da cewa farashin kaya ya bi ya tashi daga baya, kuma wasu wuraren suna da farashi daban ga wanda ba ɗan ƙasa ba.

Sai dai a gaskiya ban ga dalilin da zai sa Alhaji ya sayi wani tikiti ya nemi wata biza saboda hoto ɗaya ba, alhali Indiya yake da harka. Ribar da zai samu a farashin hoton kwana biyu a masauki zai cinye ta.

Mai Rakiya:
Ina karanta bayananku, kuma ni wannan aikin da ake zagi shi nake yi, saboda haka ku ba ni dama in faɗi nawa. Baban Khalifa, ban musanta cewa akwai macuta a cikinmu ba, kamar yadda suke a kowace sana'a. Amma ku yi adalci. Dattijuwar da ba ta jin Turanci, ba ta taɓa hawa jirgi ba, ta sauka a Delhi ƙarfe biyun dare a kan keken marasa lafiya, wa zai tarbe ta? Wa zai nema mata ɗakin da za a dafa mata tuwo, ya tsaya tsakaninta da likita ya fassara, ya bi mata takardun tsawaita biza idan jinya ta yi tsawo? Na sha kwana a asibiti da mutanen da 'yan'uwansu suka gudu suka bar su. Wannan wahala ce, kuma mai wahala yana da haƙƙin a biya shi. Shi Alhaji da ya san hanya kuma yana jin Turanci, na yarda ba ya buƙatar kowa, kuma kuɗin da aka faɗa masa ya yi yawa ƙwarai in dai hoto da ganin likita ne kawai.

Baban Khalifa:
Mai Rakiya, ban ce kada a biya mai wahala ba. Tafinta da mai rakiya suna da amfani, kuma da a ce mutumin nan ya ce mini ladan aikinsa kaza ne a rana, da na biya shi da hannu bibbiyu. Abin da na ƙi shi ne a karɓa a gabana sannan a zagaya a karɓa a bayana, domin wanda ladansa ke ƙaruwa da yawan abin da aka caje ni ba zai taɓa ce mini wannan gwajin ba dole ba ne. Ga ma'aunin da nake ba mutane yanzu: ka ce wa mai rakiyar kai za ka biya asibiti da hannunka a kanta, a ba ka rasit da sunanka wanda ya rarraba kowane abu da farashinsa. Idan ya amince, ka riƙe shi. Idan ya fara cewa ai a nan ba haka ake yi ba, ka san inda aka dosa.

Maman Ilham:
Allah ya ƙara sauƙi Alhaji. Ni abin da zan ƙara ya shafi waɗanda za su karanta wannan muhawarar suna tunanin fita domin jinya gaba ɗaya, ba hoto kaɗai ba. Na yi wata biyu da rabi a Chennai da ƙanwata, kuma abin da ya karya mu ba kuɗin aikin ba ne, domin shi an rubuto mana shi tun muna gida. Abin da ba a rubuto ba shi ne ya yi yawa: hayar ɗaki, abincin mutum biyu, kuɗin mota zuwa asibiti, canjin ranar tikiti har sau biyu, da kwana uku da ta yi a ɗakin kulawa ta musamman waɗanda ba sa cikin yarjejeniyar farko. Duk wanda aka aiko masa da ƙiyasin kuɗi ya tambaya a rubuce kwana nawa ƙiyasin ya ƙunsa, a wane irin ɗaki, kuma nawa ne kowane kwana da ya ƙaru. A asibitocin kuɗi na can, darajar ɗakin da ka zaɓa takan ja sauran lissafin sama, har kuɗin likita da na ɗakin tiyata, saboda haka ɗakin mutum biyu ko huɗu yana rage kuɗi fiye da yadda ake zato.

Sannan kada wanda ya sayi inshorar tafiya ya ɗauka ta rufe masa wannan. Ita inshorar tafiya ta abin da ya auko maka ne kwatsam a hanya, kamar haɗari ko ciwon da ya taso farat ɗaya. Ciwon da ka baro gida da shi, da jinyar da ka shirya zuwa dominta, galibi an cire su a cikin sharuɗɗan. Mu mun gane haka ne bayan mun tura musu takardu sun dawo mana da su.

Akwai kuma asibitocin da ba na neman riba ba, kamar CMC da ke Vellore, kimanin sa'a uku a mota daga Chennai, wanda asalinsa ya faro tun 1900, ko Tata Memorial na Mumbai ga masu ciwon daji, ko Aravind na Madurai ga masu ciwon ido. Sunansu ya yi nisa kuma aikinsu mai kyau ne, amma cunkoso ya yi yawa, kuma wanda yake biyan kuɗin masauki kullum dole ya lissafa kwanakin jira a cikin kuɗin magani.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Mu a nan waɗanda suke da hali Tunis suka fi zuwa, wasu Maroko ko Turkiyya, saboda Faransanci da Larabci. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, Khartum ma tana karɓar mutanenmu da yawa, musamman masu dangi a can, amma yanzu wannan hanyar ta toshe. Abin da na koya daga tafiyar yayana shi ne a yi duk hoton da za a iya yi a gida kafin a tashi, a tura wa likitoci biyu ko uku a waje ta intanet, a ji abin da kowannensu zai ce da kuɗin da zai nema. Mutumin da ya sauka da hotonsa a hannu yana da bakin ciniki, amma wanda ya sauka hannu rabbana, duk abin da aka ce masa shi zai yi. Ni a ganina, Alhaji, ka sake tambayar farashi a Kano. Na ji akwai cibiyar gwaje-gwaje da hukumar zuba jari ta gwamnatin Najeriya, wato NSIA, ta gina a harabar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma idan ka haɗa da ranar ciniki da za ka rasa a Surat, wataƙila bambancin bai kai yadda kake zato ba.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likita, babu ko ɗaya daga cikin alamomin da kika lissafa, fitsari lafiya lau, ba zazzaɓi, ba rama, ciwon dai ne da nauyin ƙafa idan na daɗe a zaune. Ɗan Maraɗi, maganarka gaskiya ce, kuma zan sake tambaya, sai dai ina so in ga likitan ƙashin baya a can ma, tun da tafiyar dole ce. Na riga na gaya wa mutumin nan na fasa. Saura tambaya biyu. Bizata ta kasuwanci ce, shin za a karɓe ni da ita ko sai ta jinya? Sannan likita ya rubuta mini tramadol da pregabalin, ina iya tafiya da su?

Tsohon Ma'aikacin Jirgi:
Ranka ya daɗe, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi. A kan biza, zuwa ganin likita da ɗaukar hoto ka koma masaukinka ba ya buƙatar bizar jinya, kuma a 2019 gwamnatin Indiya ta sassauta dokar har ta kai ga baƙo yana iya kwanciya a asibiti da bizar da ya shigo da ita, ban da dashen sassan jiki. Amma wanda jinya ce ta fito da shi daga gida, bizar jinya ita ce daidai, ana neman ta da wasiƙar gayyata daga asibiti, kuma ana ba masu rakiya har mutum biyu tasu bizar. Katin rigakafin shawara kuwa kai ka san shi, amma saboda sauran masu karatu: Indiya da Masar duka suna nemansa daga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar, yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada. Wanda ya sauka Indiya ba shi da shi ana iya killace shi har kwana 6. Idan kuma tsabar kuɗin da ke hannunka ta wuce dala 5,000, sai ka bayyana wa kwastan na Indiya a takarda.

Maganin kuwa, ka yi hattara da shi. Tramadol yana cikin magungunan da ƙasashe da dama suke ɗauka tamkar miyagun ƙwayoyi. A ƙarshen 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda ƙwaya 290 da aka samu a jakarta, duk da ta ce na ciwon bayan mijinta ne. Hadaddiyar Daular Larabawa ma tana tsananta doka a kan tramadol da kodin da pregabalin, saboda haka idan jirginka ta Dubai zai bi abin ya shafe ka. Ka ɗauki iya na kwanakin tafiyarka, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai hatimi wadda ke ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo. Kuma ko mahaifiyar wani ce ba ta da lafiya, kada ka karɓi saƙon magani a filin jirgi. Zaman jirgi na sa'o'i da yawa zai tayar maka da ciwon, ka nemi kujerar gefen hanya domin ka riƙa miƙewa.

Ɗan Zongo:
Na taɓa jin cewa a Delhi akwai wurin ibadar mabiya addinin Sikh da ake kira Bangla Sahib, inda suka buɗe cibiya a 2021 ana yin MRI a kan rupi 50. Me zai hana Alhaji ya gwada can?

Maman Ilham:
Labarin gaskiya ne, amma an yi wannan farashin ne domin talakawan da ba su da hali, da kuɗin sadakar mutane. Ban ga ya dace ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya na miliyoyi ya shiga layin ya tare wa mabuƙaci wuri ba, ko da za a karɓe shi. Ban da haka, Delhi tana da nisa da Surat, kuɗin jirgin kaɗai ya fi na hoton. Idan sauƙi ake nema ta halastacciyar hanya, a nemi shi a wajen magani. Akwai shagunan gwamnati da ake kira Jan Aushadhi masu sayar da magunguna da sunansu na asali a kan farashi mai rahusa, sai ka roƙi likita ya rubuta maka sunan sinadarin maimakon sunan kamfani. Masu ciwon zuciya kuma su sani cewa tun Fabrairun 2017 gwamnatin ƙasar ta ƙayyade farashin ƙarfen da ake sa wa a jijiyar zuciya, a lokacin mafi tsadarsa bai wuce rupi 29,600 ba, daga baya a shekarar aka yi haka ga gwiwar roba, saboda haka ya kamata a ga farashinsu daban a jikin rasit.

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum, ina rubuto muku daga Surat. Na sake tambaya a Kano kafin in taso, ranar da aka ba ni ta faɗo bayan tafiyata, sai na haƙura. A nan ɗan mai shagon da nake saye a wurinsa ya buga waya wurare uku. Wani babban asibiti ya ce rupi 14,000 idan ta ofishin baƙi ne, wata cibiya ta ce 4,000 amma da na tambaya sai na ji ƙaramar na'ura ce, ta uku kuma 6,500 da na'ura mai tesla 1.5, ita na zaɓa. Ban kai rabin sa'a a cikin na'urar ba, ko da yake ƙararta ta fi ta injin niƙa, kuma da yamma aka ba ni rahoto da faifai. Sun so a ƙara da hoton wuya, na nuna musu takardar likitana na ce iya abin da ya rubuta za a yi.

Rahoton ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙugu ya bulluƙo yana taɓa jijiyar hagu. Na kai wa wani likitan tiyata a Mumbai, ya duba ni na 'yan mintuna ya ce gara a yi aiki a wannan makon kafin in koma, har an ba ni takardar kuɗi mai ragi idan na biya cikin kwana biyu. Jikina bai ba ni ba. Likita, me kika gani?

Likitar Hoto:
Alhaji, ba zan iya yanke hukunci a kan hoton da ban gani ba da jikin da ban duba ba, amma zan faɗa maka abin da aka sani. Yawancin masu irin wannan bulluƙowar suna samun sauƙi cikin makonni zuwa 'yan watanni da magani da gashin ƙashi da motsa jiki, kuma sau da yawa abin da ya bulluƙo yakan motse da kansa. Mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, idan aka sa su a na'ura za a ga irin wannan a bayansu, shi ya sa ake duba marar lafiya tare da hoton. Ana gaggauta aiki ne idan alamomin da na lissafa maka sun bayyana, ko ƙafa tana ƙara rauni, musamman idan ka kasa ɗaga tafin ƙafarka ko babban ɗan yatsan sama. Ana kuma yin sa ba da gaggawa ba idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan an ba gashi da magani haƙƙinsu, kuma ban ji ka ce an taɓa yi maka gashi ba.

Ragin da aka ɗaure da wa'adin kwana biyu dabarar kasuwa ce wadda kai ka fi ni saninta. Ka kuma tuna cewa bayan aiki akwai duba rauni, da cire zare, da haɗarin daskarewar jini a ƙafa idan aka yi doguwar tafiyar jirgi da wuri, kuma idan wata matsala ta taso bayan ka dawo Kano, wanda ya yi aikin yana wata nahiya. Ka ga likita na biyu a can, wanda bai san ka ga na farko ba, ka ce ya gwada ƙarfin ƙafar ya rubuta abin da ya samu.

Mai Rakiya:
A nan kam ina bayan Likita. Na ga waɗanda suka yi aiki ranar Litinin suka hau jirgi ranar Juma'a saboda tikiti, kuma ban ji daɗin abin da ya biyo baya ba.

Ɗan Kwari:
Na ga likita na biyu ɗazu a nan Surat, dattijo ne, kuɗin ganinsa rupi 1,000. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya da kan yatsu, ya danna ƙafar ta kowane ɓangare, ya ce ƙarfinta bai ragu ba. Ya cire tramadol ɗin, ya rubuta mini gashi na mako shida da irin motsa jikin da zan riƙa yi, ya ce idan babu canji bayan haka sai a yi maganar allurar baya ko aiki. Jibi zan taso in Allah ya yarda, kayana sun riga sun tafi Mumbai. Likita, idan na iso zan kawo wa likitana faifan, kuma ina roƙon wanda ya san ƙwararren mai gashi a Kano, wanda ba sai na yi wata guda ina jiran layi ba, ya yi mini magana ta akwatin sirri.